Shekarar da Aka Cire wa Dokin Malam Takalmi

Ranar Asabar da ta wuce na bi ta bayan mahauta a nan Gusau, inda masu ganda ke babbake ƙafafun shanu, sai ƙaurin kofato ya buge ni. Na tsaya cak da ledar cefane a hannu. Idan ka taɓa shaƙar wannan ƙauri ka san bai yi kama da na gashi ko na fata ba, yana da wani ɗaci da ke maƙale wa mutum a maƙogwaro. Ni dai duk inda na ji shi, ƙauyenmu yake mayar da ni, can ƙasar Talata Mafara, shekarar da nake ɗan sha ɗaya.

Kakana na wajen uba malami ne, kuma kowa Malam yake ce masa, har mu jikokinsa. Magidanta yake karantarwa a zaure, manoma da ’yan kasuwa, kowa da littafinsa. Tun yana saurayi ya faɗo daga kan rumbu ya goce a ƙugu, saboda haka tafiyar ƙasa mai nisa ta fi ƙarfinsa, zaman mota kuma a takure yakan kwantar da shi kwana biyu. A kan sirdi kaɗai yake samun sauƙi. Yana da yaya guda, tsohuwa da ke aure a Morai, muna kiranta Gwaggo. Ita ce ta fara koya masa baƙi da wasali, ta kuma yi shekaru tana karantar da matan aure kafin yanar ido ta rufe mata gani. Tun da ta daina gani, duk ranar Alhamis, da yake ba a karatu, Malam yakan ɗaura wa goɗiyarsa sirdi ya tafi ya karanta mata littafi har la’asar. Ban taɓa ganin ya fasa ba sai da goɗiyar ta mutu.

Wani tsohon ɗalibinsa da kasuwanci ya kai Kaduna ya ji labari, sai ya aiko masa da doki a bayan babbar mota. Baƙi ne wuluk, dogo, mai ladabi, an ce ƙwallon dawaki aka yi da shi har ya fara manyanta. Da aka sauke shi muka ga abin da ba mu taɓa gani ba: ƙarfe a ƙarƙashin kowace ƙafa, an kafe shi da ƙusoshi. Dawakinmu na karkara haka suke tafiya yadda Allah ya halicce su. Mu yara muka riƙa bin sawunsa a ƙasa muna nuna wa juna, kowane sawu kamar jinjirin wata.

Wata uku Malam ya yi yana jin daɗinsa. Da damina ta yi tsakiya, wata Alhamis a hanyar dawowa, lakar fadama ta tsotse takalmi ɗaya na ƙafar gaba, ta tafi da ɓallin kofato. Sauran ukun ma duk sun yi lako-lako, kofaton ya yi tsawo ya fi ƙarfinsu. Aka bincika aka ji mai sa wa doki takalmi sai Sakkwato, kuma ba aikin sau ɗaya ba ne, duk bayan wata ɗaya da rabi sai an sake. Wa zai iya wannan a ƙauye?

Sai Malam ya aika aka kira maƙerin garinmu. Sa’ansa ne kuma abokinsa tun ƙuruciya, asalin iyayensa mutanen Tsibiri ne. Gajere ne mai kauri, hannuwansa duk tabon wuta, ba shi da yawan magana. Ya ɗaga ƙafafun ɗaya bayan ɗaya ya daɗe yana dubawa.

“Malam, ni garma da lauje na sani,” in ji shi. “Amma ubana shi ka gyaran kofaton dawakin garinsu, na kuwa riƙa mai ƙafa. Mu cire su duka. Sai dai in gaya maka gaskiya, dokin ga zai sha wuya. Kak kowa ya hau shi sai sabon kofato ya sauko.”

“Har yaushe ke nan?”

“In Allah ya so, wata damina.”

Malam ya dubi dokin. Na san Morai yake tunani. Can ya ce, “To, cire.”

Da awartaki ya zare ƙusoshin, a hankali, ɗaya-ɗaya. Da dokin ya sauke ƙafarsa ta farko a ƙasa tsirara, sai ya ɗaga ta da sauri kamar ya taka garwashi. Na yi dariya, don ni a lokacin ban san takalmi ba sai ranar Juma’a, ƙaya ma da ƙyar take huda ni. Maƙerin ya kamo babban yatsana ya ɗora a tafin kofaton ya ce in danna. Na danna, na ji yana lotsawa kamar ɓawon kabewa ɗanya.

“Ka ji ko? Naka ya fi nashi ƙwari. Shekara nawa bai taɓa ƙasa ba.”

Daga ranar aka damƙa mini igiyarsa. Mahaifina ya yi tafiya neman kuɗi a lokacin, ƙaninsa kuma, wanda muke kira Baffa, shi ke riƙe da gonakin gida, ba shi da sukuni. Aikin ba mai wuya ba ne, naci yake so. Muka yi ta jigilar rairayi daga gulbi a kan jaki muka shimfiɗa a barga, kullum in kwashe inda ya jiƙe da fitsari in zuba busasshe. Aka rage masa dawa, don maƙerin ya ce tana sa wa ƙafa zafi, aka bar shi da ciyawa da dusa kaɗan. Kakata, wadda muke kira Inna, ta ware mini ɗan kasko na man kaɗanya ina shafa masa a inda gashi ya haɗu da kofato. Kowace safiya in ja shi mu bi hanyar rairayi da ta nufi gulbi mu dawo. Makon farko tafiyar ’yan taku ce, yana ɗosana ƙafa yana gumi, ni ina jira. Duk bayan mako biyu maƙerin yakan zo da magagari ya goge bakin kofaton ya zagaye shi don kada ya tsage. Ya nuna mini ramukan ƙusoshin ya ce in riƙa lura da su. Haka kuwa, a hankali suka yi ta saukowa ƙasa, har wata rana magagari ya cinye su.

A wannan tsakanin sau biyu Malam ya gwada zuwa Morai a mota. Duk biyun ya isa ƙugu ya riƙe, bai iya zama ya buɗe littafi ba, a kwance suka gaisa da yayarsa. Daga nan ya haƙura. Ranar Alhamis sai ya sa a kai masa buzu bakin barga, ya zauna yana kallon dokin yana jan carbi.

Da kaka ta yi, aka yanke gero, dokin ya murmure. Yana tafiya a rairayi garau, har yakan yi ’yar sassarfa ya ja ni. A nan ne na yi abin da har yau in na tuna nake nadamarsa.

Wata Litinin da hantsi na haɗu da sa’o’ina a bakin gulbi. Suka yi ta tsokanata, wai ni bawan doki ne, wata uku ina jan sa ban taɓa jin bayansa ba, wai ma gurgu ne aka yaudari Malam da shi. Na taka kututture na haye, ba sirdi ba linzami, igiya kawai. Da a rairayin na tsaya, da wataƙila ba abin da zai faru. Amma akwai hanyar da ta bi gefen kanal ɗin noman rani, miƙaƙƙiya, an zuba mata jar tsakuwa, nan ne ake ganin gudu. Na kai shi can na sakar masa. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan ɗan lokaci ba, ba zan ɓoye maka ba. Iska na kaɗa mini riga, abokaina na ihu a baya. Sai na ji ya yi tuntuɓe, ya rage gudu, ya tsaya. Na sauko na jawo shi gida ta rairayi, na goge masa gumi da tsumma. Yana ɗan taƙaita taku a ƙafar dama ta gaba, amma sai wanda ya sa ido zai gane.

Ran Laraba maƙerin ya zo gyaransa na kullum. Da ya danna tafin wannan ƙafar, dokin ya fizge. Ya sake dannawa, ya sake fizgewa. Ya ɗago kai ya dube ni.

“Rairayi kaɗai kuka bi?”

Na ce, “Shi kaɗai, Baba.”

Ya goge kofaton sama-sama ya tafi.

Ran Juma’a da safe muka tarar da dokin tsaye da ƙafa uku. Ta huɗun ya ɗage ta, kofaton ya yi zafi kamar an ɗauko shi daga murhu. Baffa ya lissafa kwanaki, ya ga shekaranjiya aka yi gyara, shi ke nan ya yanke hukunci. Bayan an sauko daga masallaci, a gaban jama’a, ya ce mai ƙera fartanya an ba shi ƙafar doki ya fafe ta har tsoka. Maƙerin yana wurin. Ya sa takalmansa ya wuce. Malam bai ce haka ne ba, bai kuma ce ba haka ba ne. Da yamma ya aika a gaya wa abokinsa ya huta haka nan, za a nemi wani. Daga baya na gane wannan saƙon ya fi maganar Baffa ciwo.

Aka kawo mai maganin dabbobi daga kasuwar Mafara ya yi allura, ba ta yi komai ba. Dokin ya daina cin abinci, ya koma kwanciya, idanunsa suka faɗa. Baffa ya ce tun yana da sauran nama a jika gara a rabu da shi, ya yi magana da dillalan nan masu sayen gajiyayyun dawaki suna lodawa zuwa kudu. Kowa ya san abin da ake yi da su a can. Aka sa ranar Talata ta sama za su zo.

Daga wannan Juma’a, kwana takwas na ƙara yi da wannan abu a ciki. Ina share barga, ina shafa mai, ina jin mutane na cewa ashe maƙeri ya tsufa, hannunsa ya fara rawa. Har na ji wani ya ce zai kai garmarsa Bakura a gyara.

Inna ce ta gane. Ita ke wanke mini tufafi, ta kuwa ga baƙin gashi da shatin gumi a cikin wandona tun ranar Litinin ɗin. Ba ta tambaye ni ba. Ran Asabar da azahar ta dama fura a ƙwarya ta miƙo mini.

“Maigidana,” haka take kirana da wasa, amma ranar ba dariya a fuskarta, “kai ma abokin kakanka furar ga. Kak ka aje ka gudo. Ka jira ƙwaryata.”

Na tarar da maƙerar ba wuta. Yana zaune a kan gungume shi kaɗai, yana jujjuya wata ’yar wuƙa mai lanƙwasa a hannu. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da cikakkiyar gaisuwa kamar babban mutum ne ya zo, ya tambayi Malam, ya tambayi Inna. Bai taɓa furar ba.

“Shina ci?” ya ce.

“Ba ya ci, Baba.”

“Kofaton da zahi har yanzu? Sama wajen gashi ya kumbura?”

“Ya fara.”

Ya girgiza kai. “Ruwa ne ya taru ciki, ba shi da mafita. In an huda yau, gobe shi tashi. In an bari, Allah kaɗai ya sani.”

Bai tambaye ni komai game da kaina ba, damuwarsa duk a kan dokin take. Wannan ne ya karya ni. Na fashe da kuka na gaya masa duka, da kanal, da tsakuwa, da ƙaryar da na yi masa. Ya bar ni na gama.

“Na sani tun ran Laraba,” ya ce. “Rairayi ba ya yin wanga rauni.”

“To me ya sa ba ka faɗa ba, Baba?”

“In ce mi? In tsaya ƙofar masallaci in yi gardama da yaro ɗan sha ɗaya? Tashi. Ba ni za ka gaya ma ba, kakanka na zaure.”

Na nufi zauren. Malam yana tare da ɗalibai uku. Na jira a bakin ƙofa har suka shafa fatiha, sannan na shiga na faɗa masa, kaina a ƙasa, ina jiran bulala. Da na saci kallonsa sai na ga ba ni yake kallo ba, ƙofa yake kallo, fuskarsa ta canza.

“Miƙo min sandata. Ka kira min baffanka.”

Daga gidanmu zuwa maƙera akwai ’yar tafiya, ta tsakiyar gari. Malam ya taka ta da ƙafarsa, yana ɗingishi, yana tsayawa yana hutawa, Baffa a bayansa, ni a bayan Baffa. Mutane suka riƙa tasowa daga inuwa suna biyo mu don ba su saba ganinsa a ƙasa ba. Da muka isa bai shiga ba. Ya tsaya a waje inda kowa zai ji.

“Na zo neman gafara,” ya ce. “Shekara sittin na san hannunka, amma na saurari zato. Yaro ya yi yarinta, ɗana ya yi gaggawa, ni kuwa na yi shiru inda ya kamata in yi magana. Laifina ya fi nasu.”

Baffa ma ya durƙusa ya ba da haƙuri. Maƙerin ya rasa inda zai sa kansa. Ya ce, “Haba Malam, haba Malam, ya wuce,” yana ta laluben kayan aikinsa. Sannan ya ce da ni, “Mu tahi tun da sauran rana, in mun isa ka samo garwashi a kasko.”

Mutum huɗu suka riƙe dokin. Maƙerin ya kankare tafin kofaton da ’yar wuƙar nan har ya sami wani ɗigon baƙi, ya bi shi a hankali. Da ya kusa, ya sa tsinken ƙarfe a wuta ya yi ja, ya ɗosana. Hayaƙi ya tashi da ƙaurin nan, sai ga baƙin ruwa mai wari ya tsarto har kan rigarsa. Dokin ya ja wani dogon numfashi, jikinsa duka ya saki. Aka jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi da gishiri, aka cusa auduga da man kaɗanya, aka naɗe da tsumma. Kafin magariba ya miƙa wuya ya fizgi harawa. Ran Talata dillalai suka zo, Baffa da kansa ya tare su a ƙofar gida ya sallame su.

Ba wanda ya dake ni. Na ɗauka za a karɓe igiyar a ba wani, washegari ma ban je barga ba don kunya. Malam ya aiko aka kira ni. “Wa ka bar ma aikinka?” Iyakar abin da ya ce ke nan.

Gangancina ya mayar da mu baya da wajen wata biyu. Muka koma ’yan taku a rairayi kamar farko. Maƙerin ya sa baduku ya ɗinka wa ƙafafun gaba wasu safa na fatar shanu, aka sa musu tafi da guntun tayar mota, ana ɗaurewa da igiyar fata. Da su muka fara taka ƙasa mai tauri da rani. Bayan wani lokaci sai mu je da su mu dawo babu, daga baya muka riƙa ratsa tsakuwar nan ta gefen kanal, taku ashirin yau, talatin jibi, ina gaba yana biye. Ciwon ya bar wani zobe a jikin kofaton, maƙerin ya ce shi ne kalandarmu. Sama da zoben kofato ne sabo, baƙi mai sheƙi, matsattse. Duk wata sai ya sauko kaɗan. Tafin da a da yake lotsawa ya koma kamar ƙwaryar da ta shekara, in na ƙwanƙwasa har amsawa yake.

Bayan ruwan shuka na biyu, ƙasa ta yi laushi, maƙerin ya zo wata Laraba ya duba ƙafafun huɗu, ya sa na zagaya da shi a kan tsakuwa yana kallo. Ya juya wajen Malam ya ce, “Gobe Alhamis ko?”

Washegari na raka Malam a kan jaki, da safar fatar a cikin jaka ko za a buƙata. Ba a buƙata ba. Muka tarar da Gwaggo zaune a ƙofar ɗakinta, ta rame fiye da yadda na santa. Suka yi gaisuwa mai tsawo, ta tambayi kowa da kowa. Sannan ta ce a kai ta wajen dokin. Ta shafa wuyansa, ta bi ƙafar da hannu har ƙasa, ta ƙwanƙwasa kofaton da yatsa.

“Kai ne mai sukuwar?” ta ce da ni. Ashe labari ya riga ni. Na ce ni ne. Ta laluba ta kama kunnena ta ɗan ja, ta saki tana dariya. Ta juya wajen ƙaninta. “To Malam, ka yi dogon fashi. Ina munka tsaya?”

Ya buɗe littafin a inda ya sa sillen kara kusan shekara guda da ta wuce, ya ci gaba daga tsakiyar shafi. Shekara biyu suka ƙara suna wannan karatu kafin Allah ya karɓi abarsa.

Yau duk sun tafi, da Malam, da Inna, da maƙerin. Ba mai doki a garinmu ko ɗaya. Hanyar dajin da muke bi zuwa Morai, yanzu ko da rana tsaka mutum ba ya bin ta shi kaɗai, kai ma ka san halin da ƙasarmu take ciki. Bara na je gida gaisuwar rasuwa, na bi ta inda maƙerar take. Jikansa ne a wurin, yana gyaran babura, saurayi mai gajeren wuya irin na kakansa. Na zauna a kan benci na ba shi wannan labari tun daga farko, don ina so wani daga jininsa ya ji daga bakina. Ya ajiye sufana yana saurare. Da na gama ya ce shi ya tashi a hannun tsohon, ya sha jin labarin baƙin dokin Malam, da yadda aka cire masa takalmi, da safar da baduku ya ɗinka. Har mahaifinsa ma yakan ba da labarin. Amma maganar ƙofar masallaci, da wani yaro da ya yi ƙarya, bai taɓa jin ta ba sai yau.